Mai Fiton Waƙa

A kasuwar Sinnar Babikir suke ce mini,
a gida Mai Wurno ni ne Garba.
Suna ɗaya ne, baki biyu suka raba shi.
Tun nan na san inda abincina yake.

Ina gadin injin ban-ruwa a gonar auduga,
rediyo rataye a ƙusa, batir ya kusa mutuwa,
Umdurman na zubo waƙa cikin dare.
Sai in ɗauki fensir da bayan kwalin shayi
in riƙa gwada mata rigar Hausa.
Wata ta shige kamar don ita aka ɗinka,
wata sai na farke hammata.
Balarabe ya kira masoyiyarsa barewa.
Na kai wa matan unguwarmu barewa, suka tuntsire,
suka ce wa zai auri abin da ba ya zama?
Na mai da ita kurciya. Aka yi tsit, sannan aka rangaɗa guɗa.

Shekara talatin ina fito.
In ɗauko daga waccan gaɓa, in sauke a wannan,
kaset ɗin da alhazai suka bari a hanya
in juya shi Larabci don bikin Wad Madani.
Ladana ƙullin sukari, sabulu, wata rana fam biyar.
Awadiyya ce ke rerawa, hotonta ne a bangon kaset,
sunana ko da ƙananan baƙi babu.
Ban yi fushi ba. To, na yi, sau biyu.
Mai kwalekwale dai ba ya bin fasinja gida.

Akwai kalmar da ta ƙi hawa jirgina:
sannu.
Na sa ma'alesh, ta yi gajarta,
na sa salama, ta yi sanyi.
Sannun da ake yi wa mai ɗauke da itace,
da mai jego, da wanda ya yi tuntuɓe,
na bar ta a bakin ruwa, har yau tana can.

Sai kuma waƙar Inna.
A goye aka taso da ita daga Daura, za a Makka,
guzuri ya ƙare a nan, Makka ta zama hira.
Tana niƙan dawa tana rera abin da ta ji wurin uwarta,
kan wata ƙofar gari da idonta bai riƙe ba.
Shekarar fari, da yarana suka kwana biyu kan ruwan kuka,
na ɗauki waƙar na sa mata Larabci,
aka ba ni buhun dawa guda.
Ƙofar gari ta koma tashar jirgin ƙasa,
dutsen niƙa ya koma goge da ganga.

Bara Tijjani, jikan maƙwabcina,
ya zo da waya ya kunna mini ita.
Ya ce, Baba, tsohuwar waƙar Larabawa ce,
ta dawo yayi,
ko za ka juya mana ita Hausa?

Na ce ya dawo jibi.
Na zauna gindin dalbejiya,
Nilu na wucewa da jan ruwan damina.
In na nemi baitin Inna, na Awadiyya ke zuwa.
Na san akwai ƙofa, na san akwai sunan wata mata,
tsakaninsu kuwa gurbi,
kamar haƙorin da aka cire, harshe na ta komawa wurin.

Na rubuta masa wata. An ce ta yi daɗi,
an ce har amarya ta share ido da gefen mayafi.
Yayata Tasalla, da kunne ɗaya ya rage mata,
ta sa aka maimaita, ta daɗe tana kallon tabarma.
Ta ce, Garba, wannan kamar na santa.
Ina ka samo ta?

Na ce, sannu, Yaya.